Shekarar da Na Kori Shanu Daga Gonar Ubana

Malam Edita, ina gaishe ka da aiki. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji uku na tsaya a elemantare, kuma ba don kaina ya gaza ba, don dai ubana ba kowa ba ne. In ka ga kuskuren harafi ka gyara, amma maganar ka bar ta yadda take, don haka ta faru.

Lokacin da abin nan ya same ni ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, kuma ina jin duk ƙasar Bungudu babu mai wayona. Na yi shekara tara a Gusau ina aiki a wani kantin sayen gyaɗa kusa da tashar jirgi. Aikina in ɗinke bakin buhu in shafa masa lamba da baƙin fenti, amma in na je ƙauye ganin gida sai in ce ni malamin sikeli ne. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, waɗanda nake raɗa wa amsa a kunne in malam ya juya baya, sun zama malaman En'e, wato ma'aikatan hukumar sarki, suna wuce ni a kan keke da farar hula, in na gaishe su sai su ɗaga mini yatsa biyu ko tsayawa babu. Wannan abu ya daɗe yana cina, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yau bai gama ba. Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa aka aiko in koma gida in riƙe gandu, tunda ni ne babba, na dawo ne da niyya guda, in nuna wa mutanen garinmu da su masu keken cewa karatun aji uku ma karatu ne.

Gandun namu ba wani babba ba ne. Ni da iyalina, ƙanena da matarsa da 'ya'yansa uku, sai Inna da ta haife mu. Tukunya ɗaya, rumbu ɗaya, gona ɗaya a tudu gabas da gari, wadda tun zamanin kakanmu ba ta taɓa kunyata mu ba. Ga kuma abin da ke riƙe da gonar. Duk shekara, da an gama girbi an kai hatsi rumbu, akwai wani dattijon Bafillace da ke tasowa daga wajen duwatsun Tsafe da garkensa, ya sauka a gonarmu ya yi rani. Muna ce masa Baffa, matarsa kuma Goggo. Shanunsa su ci kara da harawa, su kwana a gonar, bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, har kafin ruwan farko babu inda kashinsu da fitsarinsu bai taɓa ba. Mahaifinmu yakan ba shi dammunan gero da kanwa, Goggo kuma kowace safiya ta aiko wa Inna da ƙwaryar nono. Babu takarda, babu shaida. Uban Baffa da kakanmu suka fara, aka gada. Mu da muka tashi muka tarar ana yi, ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

A shekarun nan gwamnati ba ta da zance sai gyaɗa da auduga. Duk inda ka je, a noma gyaɗa, jirgi na jira. Haraji kuwa ba a karɓarsa da dami, don haka ko ba ka so sai ka noma abin sayarwa. Ana cikin haka sai ga malamin gona ya zo garinmu da wani abu a buhu mai kama da gishiri, wai takin Turawa. Ya gyara ɗan fili a bakin hanya ya shuka gyaɗa, rabi ya sa mata, rabi bai sa ba. Wadda aka sa wa ta yi kore shar, har masu wucewa na tsayar da jakuna suna kallo. Tsakani da Allah, mutumin nan ya faɗa a gaban dagaci cewa wannan ƙari ne kawai, kada wanda ya bar takin shanu, kuma kowa ya fara shuka abin da gidansa zai ci. Da kunnena na ji. Amma ranar na riga na miƙe a gaban jama'a na karanta rubutun da ke jikin buhun da babbar murya, Turanci ne, ko rabinsa ban gane ba, mutane suka ce kai, ashe Malam ya iya. Daga wannan kalma ta Malam kaina ya tafi.

Da kaka ta wuce, sai ga Baffa ya iso kamar kullum, ya bar shanu a bayan gari ya shigo zaure da sandarsa a kafaɗa. Ya yi mana ta'aziyya, idonsa ya yi ja, don shi da mahaifinmu tare suka tashi suna kokawa a gonar nan. Sannan ya tambaye ni ta wane gefe zai kafa dangwali bana, wato doguwar igiyar nan da suke ɗaure maruƙa a jere. Ni kuwa na riga na sayar da harawar wa masu dawakin Gusau. Na gyara zama na ce masa zamani ya sake, bana ba za mu wahalar da shi ba, domin ni shanuna suna cikin buhu, ba sa cin kara, ba sa neman dami, ba sa ɓalla shingen maƙwabta. Ya dube ni, ya tambaye ni a hankali, da Hausarsa ta Fulani, wai shanun nan na buhu da safe ake tatsarsu ko da marece. Zaure ya ɗauki dariya. Dariyar nan ce ta tunzura ni, na ce ya kwashe garkensa kafin la'asar. Baffa ya tashi. Ya shiga cikin gida ya gaida Inna, ya fito ya yi wa mahaifinmu addu'a, ya juya shanunsa gabas. Ƙanena ya biyo ni yana cewa Yaya, anya wanga abu, na ce masa ranar da ya iya rubuta sunansa sai ya zo ya ba ni shawara.

Da damina ta faɗi na cika gonar da gyaɗa, gero da dawa na tura su can gefe kamar baƙi. To Malam Edita, abin da ya halaka ni shi ne, shekarar nan gyaɗa ta yi. Ta yi irin yin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Jakuna muka jera har Gusau, na tsaya a gaban sikelin kantin da na yi wa bauta, hannuna a baya, tsofaffin abokan aikina suna ɗinke bakin buhunana suna ce mini ranka ya daɗe cikin tsokana, ni kuwa ina amsawa da gaske. Ranar na sayi keke sabo fil mai ƙararrawa, na sayi turmin atamfa na mai ɗakina da na matar ƙanena, da bargon Inna, da fitilar ƙwai, da burodi har guda uku. Ban gama iya keken ba, sau biyu ina faɗuwa tsakanin Gusau da Bungudu, amma ko akuya na gani a hanya sai na kaɗa mata ƙararrawa. Allah kuma ya haɗa ni da ɗaya daga cikin malaman En'en nan yana tafe a ƙasa, kekensa ya yi faci, na wuce shi na ɗaga masa yatsa biyu. Wallahi har yau in na tuna sai na ji sanyi a raina, ban tuba daga wannan ba. A gida aka yi ta shewa, matan suna gwada atamfa a jiki, ana yanka burodi ana raba wa maƙwabta. Ban sani ba ashe ba buhu ne ya yi gyaɗar nan shi kaɗai ba. Sauran ƙarfin shanun Baffa ne da ya rage a ƙasa. Abin da ubana ya tara nake ci, ina yaba wayona.

Mutum ɗaya ce ba ta yi shewa ba. Inna ta karɓi bargonta ta sa albarka, amma tun ranar da Baffa ya juya ba ta ƙara dama mini fura da nono ba. Ko an sayo nono a kasuwa, sai ta dama wa kowa da shi, tawa ta dama da ruwa tsura, ta dire a gabana ta ce ga ta nan, da nonon buhu aka dama, a sha lafiya. Shekara uku ina shan wannan fura.

Shekara ta biyu gyaɗa ta ragu, na ɗora wa ruwa laifi. Ta uku kuwa ba wanda zan ɗora wa. Ƙasar da muka sani baƙa mai danƙo ta koma fara, in ka damƙa sai ta zube ta tsakanin yatsu. Wuta-wuta ta fito a ɗan geron da na shuka, ta shanye shi tun bai kai ƙugu ba. Takin Turawan da na dogara da shi kuma bai iso kan kari ba. Sau uku ina taka keke zuwa Gusau, yau a ce mai mabuɗin sito ya tafi Sakkwato, gobe a ce mota ce ta maƙale a laka, sai da gyaɗa ta gama fure sannan aka ce mu zo mu karɓa. Da muka tone ta, ƙwanso ne birjik, ciki ba ƙwaya. Farashi kuwa tun daga can sama ake yanko shi, ko ta yi ko ba ta yi ba, ba a tambayar wanda ya duƙa a rana. Hatsi ya yi tsada a kasuwa, don ba ni kaɗai na yi wannan wauta ba, mu da yawa ne. Gyaɗa kuma ba a tuƙa tuwo da ita.

Ranar da muka gama zuba hatsin shekarar, da hantsi, ƙanena ya shiga rumbu ya fito yana kakkaɓe wando. Ya ce Yaya, a zamanin Baba sai ya durƙusa a bakin rumbu yake miƙa dami na ƙarshe, yau ya tsaya a ciki geron bai kai gwiwarsa ba. Ya ce shi bai iya rubuta sunansa ba, amma ya iya ganin yunwa tun tana nesa. In shanu ba su kwana a gonar nan bana ba, to a raba gandu, ya kwashi iyalinsa ya tafi Gusau ya yi dako. Na dubi Inna ko za ta tsawata masa, sai ta ce ita inda ƙananan jikokinta suka sa ƙafa can za ta. Ka san abin da wannan ke nufi a wajenmu. A ce an raba gandu uwa na raye, har ta bi ƙarami ta bar babba, to gidan ya mutu, kuma kowa ya san wanda ya kashe shi. Kwana biyu ina kumbure-kumbure ina cewa ni ba zan je in durƙusa wa mai sanda ba. Rana ta uku da safe na fito na tarar an ɗaure ƙunshin kanwa da goro a bayan kekena. Inna na shara ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in na isa in gaida mata Goggo.

Na kwana a Gusau, washegari na miƙa Tsafe, na dace da ranar kasuwa. Ban san inda rugar Baffa take ba, sai na nufi inda matan Fulani ke jera ƙoren nono, ina leƙa fuskoki ina fatan in ga Goggo, ina kuma fatan kada in gan ta. Ita ta fara ganina. Ta aje ludayi ta tafa hannu, ta kira duk matan da ke wurin ta ce su zo su ga Kaɗon da take ba su labari, mai garke a cikin buhu. Malam Edita, ashe duk ƙasar Tsafe an san ni. Suka kewaye ni, wannan ta ce in sayar mata da man shanun buhu, waccan ta ce ko bijimin ne na ɗauro a bayan keke, wata tsohuwa har da ɗaga ƙunshin kanwar tana kasa kunne wai ta ji ko zai yi kuka. Na tsaya riƙe da keke, gumi na zuba. Da Goggo ta gaji da dariya sai ta share ido da gefen zane, ta ciko ƙwarya da kindirmo ta ce in zauna in sha tukuna, ta ga wuyana ya yi tsawo. Ta tambayi Inna, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har wanda aka haifa bayan tafiyarsu ta ji labarinsa. Da kasuwa ta watse ta ɗora mini ƙorenta a keke muka kama hanyar ruga.

Baffa ya tarbe ni kamar jiya muka rabu. Ya sa aka shimfiɗa mini agalemi, ya karɓi kanwa da goro ya yi godiya, bai tambayi abin da ya kawo ni ba. Ni da nake taƙama da baki, na rasa ta inda zan fara. Sai da gari ya waye muna zaune ana tatsa na ce masa na yi kuskure, gona ta mutu, gida zai watse, na zo ya yafe mini ya dawo. Ya ce ayya, ɗan abokina, shanun naka fa, ba su haihu ba ne? Na ce sun mutu duka, Baffa. Ya ce Allah ya mayar da alheri, ai kuwa an yi asarar garke. Sannan ya bar wasa ya gaya mini halin da ake ciki. Ya riga ya yi wa wani manomi na wajen Mada alkawarin rani, mutumin kirki ne, shi ya karɓe su shekarar da na kore su, kuma shi bai iya tashin magana ba. Ya ce in dakata ya yi tunani. Kwana uku yana tunanin nan, ni kuwa ya haɗa ni da aiki. Na ja guga har tafin hannuna ya yi kanta. Na ce zan gwada tatsa, wata jar saniya ta harbe ni na faɗa cikin kashi da ƙwarya a ƙirji, Goggo ta ce ai saniyar ta gane ni ne, a gonarmu aka haife ta.

Rana ta huɗu Baffa ya tafi Mada da ƙafarsa ya dawo. Ya ce sun daidaita. Babban ɗansa zai kai rabin garke can, shi da Goggo za su zo mana da rabi. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, tunda ya san ba mu da damin da za mu ba shi, to mu haƙa masa rijiya a bakin gona, ya gaji da kora shanu har gulbi. Na biyu, ya ce ranar da ubansa ya fara zuwa gonarmu, kakanmu ne ya fito ya tarye su, ya ɗauki dangwali a kansa ya shiga gaba, don gari ya shaida manomi ne ya kira, ba Bafillace ne ya zo roƙo ba. Tunda a gaban jama'a na kore su, to a gaban jama'a zan mayar da su, kuma tun daga nan za a fara, ba daga bayan gari ba.

Haka aka yi. Kwana biyar muka yi a hanya, don shanu ba sa sauri. Ni a gaba da gammo da naɗin dangwali a ka, yana wari, kekena kuma Baffa ne ke turawa, an lafta masa ƙore da tabarmi. A kwana na biyu wata saniya ta haihu, aka naɗe ɗan maraƙin aka ɗaure a bayan keken, yana leƙe yana kuka, uwarsa na biye tana lasar sirdi. Na roƙi Baffa mu zaga ta bayan Gusau, ya ce shi hanya ɗaya ya sani. Muka ratsa ta gefen Tudun Wada da rana tsaka. Masu ɗinkin buhu suka gan ni, suka fito suna ihu wai ranka ya daɗe ya samu ƙarin girma, an ba shi rawanin igiya. Na yi niyyar in sunkuyar da kai, sai maraƙin ya yi fitsari a kan keken da na sha wahalar gogewa shekara biyu, na duba na ga Baffa ya kawar da kai kafaɗarsa na rawa. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na yi ta yi har igiya ta kusa faɗuwa. Daga nan wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, sauran tafiyar har waƙar kiwo Goggo ta koya mini, ina yi tana cewa in yi shiru kada nono ya tsinke.

Kafin mu isa labari ya riga mu. Tun daga bakin gulbi muka fara jin guɗa. Gari ya fito kaf, har dagaci, har waɗanda suka yi dariya a zaure ranar da na yi korar. Ƙanena ya sheƙo a guje, ya zo zai karɓi dangwali, Baffa ya ɗaga sanda ya ce a'a, sai tsakiyar gona. Can na sauke, na kafa turken farko da hannuna. Inna da Goggo suka rungume juna suna kuka suna dariya suna zagina tare, ɗaya da Hausa ɗaya da Fillanci. Washegari da safe aka dire mini ƙwaryar fura, na sa ludayi ya tsaya cak don kauri. Na ɗaga kai, Inna ta ce mi nike kallo, in sha in tashi, rijiya ba ta haƙa kanta.

Gayya muka kira ta rijiyar, da mai ganga da komai, samari na fito da ƙasa ana yi musu kirari, ranar da ruwa ya ɓullo har tsofaffi sai da suka taka rawa. Ba zan yi maka ƙarya in ce daga nan wahala ta ƙare ba. Bazarar nan mun ji jiki. Keken ya tafi, na sayar da shi na sayi dawa. Mun ci tafasa, mun sha kunun dusa, kuma ba don ƙwaryar Goggo da ke shigowa kowace safiya ba, ban san yadda ƙananan yaranmu za su kai damina ba. Amma duk ranar matsar da makwancin shanu ni ke fara isa gona, ina bin kashin nan da kallo kamar wanda aka zuba wa zinariya. Da ruwa ya sauka muka mayar da gero da dawa mazauninsu, gyaɗa ta koma gefe. Ranar da muka gasa tumun farko a bakin gona, mu duka har Inna, bakin kowa ya yi baƙi da toka, na ga ƙanena yana ta auna zangarniya da damtsensa. Rumbu bai cika ba a shekarar, amma ya kai mu wata kakar har da na ba Baffa. Na tambayi ƙanena zancen rabon gandu, ya ce wane gandu, shi bai san an yi wannan magana ba, in ina da takardar shaida in karanto masa.

Yau shekara biyar ke nan. Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Takin Turawa ba shi da laifi, har gobe ina sa wa 'yar gyaɗata daidai awon da aka ce, in ya iso. Laifin nawa ne da na ɗauki abin da mabuɗinsa ke aljihun wani a birni na dogara da shi, na kori abin da ke zuwa da ƙafarsa har ƙofar gidana. Yanzu ana ta zancen mulkin kai, an ce abubuwa za su gyaru. Allah ya sa. Ni dai na san za a ƙara malamai, a ƙara takardu, kuma wanda zai yanke farashin gyaɗa ba zai taɓa sanin yadda ake kallon gindin rumbu da yara takwas a tsakar gida ba. In gyaɗa ta yi, da su za a ci. In ta ƙi, kai kaɗai ne da iyalinka.

Don haka ina jan kunnen manoma 'yan'uwana, musamman irina masu guntun karatu, don mu ne muka fi saurin ɗaukar zuga. In an zo muku da sabon abu ku karɓa, amma ku saurari maganar har ƙarshenta, kada ku tsaya inda ta yi muku daɗi. Ku fara cika rumbu kafin ku cika buhun wani. Duk abin da kuka tarar iyayenku na yi shekara da shekaru, ku tambayi dalili kafin ku rushe, ko da mai yin bai san harafi ɗaya ba. Kuma wanda ya riga ya yi irin tawa, kada girman kai ya zaunar da shi. Ya tashi ya je tun mutanen na raye. Ni na yi sa'a na tarar da nawa. Baffa ya rasu bara da damina, Allah ya jiƙansa, na je har Tsafe a ƙasa na yi gaisuwa, ina dawowa ina tunanin ko shi ke nan zumuncin ya bi shi. Bana da aka gama girbi ban aika wa kowa ba, sai ga ɗansa a bakin zaure da sanda a kafaɗa, wai Goggo na gaida Inna, kuma shanu na bayan gari suna jin ƙishirwa.